Tambayoyi da Amsoshi Kan Zaɓen Raket ɗin Badminton da Gwada Shi Kafin Saye

Waɗannan tambayoyi ne da ke yawan fitowa daga bakin masu niyyar sayen sabon raket, tun daga wanda bai daɗe da fara wasa ba har zuwa wanda ya shekara yana bugawa a kulob. An fara da abubuwan da ake karantawa a jikin raket, sannan aka gangara zuwa gwaji a shago da a fili, da batun jabu da kayan hannu.

Yanzu na fara wasan badminton. Shin ya kamata in sayi raket mai tsada tun daga farko?

Bai kamata ba, kuma dalilin ya wuce tsimin kuɗi. Raketocin da ke saman jerin kowane kamfani an ƙera su ne domin hannun da ya riga ya ƙware, wanda yake da saurin lilo, wato kaɗa raket, kuma yake samun shatul, wato ƙwallon da ake bugawa, a tsakiyar zare kusan kowane bugu. Sandarsu takan zo da tauri, wasunsu kuma kansu da nauyi, saboda haka idan suka faɗa hannun sabon shiga sai bugunsa ya riƙa mutuwa a tsakiyar fili, kafaɗarsa kuma ta ɗauki wahalar da raket ya ƙi rage masa. Abin da mai koyo yake buƙata shi ne raket na girafait gaba ɗaya, mai matsakaicin nauyi, wanda sandarsa ke lanƙwasawa da sauƙi kuma rinjayensa bai karkata zuwa kai ko mariƙi ba.

Sai dai arhar ma tana da iyaka. Raketocin nan da ake sayarwa biyu a jaka ɗaya tare da shatul na roba, masu kan alminiyom da sandar ƙarfe, ana gane su da wani mahaɗi mai siffar harafin T da ke fili a inda kai ya haɗu da sanda. Sun isa wasan tsakar gida, amma sukan kai giram 100 ko fiye, ba sa jure ɗaurin zare mai ƙarfi, kuma suna koya wa hannu duka da kafaɗa maimakon yatsu da wuyan hannu. Kuɗin da ya rage bayan an sayi matsakaicin raket ya fi amfani idan aka sa shi a takalmin da ba ya santsi da kuma zare mai kyau.

Mene ne ma'anar 3U, 4U da G5 da ake rubutawa a jikin raket?

Ana samun wannan rubutu a ɗan murfin da ke saman mariƙi ko a jikin sanda. Harafin U na nauyi ne, kuma yadda lambar ke ƙaruwa haka nauyin ke raguwa: 2U yana tsakanin giram 90 da 94, 3U tsakanin 85 da 89, 4U tsakanin 80 da 84, 5U kuma tsakanin 75 da 79. Wannan nauyin raket ne kafin a ɗaura masa zare, don haka zare da naɗin da za a ƙara wa mariƙi za su ɗora masa wasu 'yan giram. Harafin G na kaurin mariƙi ne, kuma a tsarin kamfanin Yonex G5 ya fi G4 siranta, G6 kuma ya fi G5. Kamfanin Li-Ning yakan yi amfani da W wajen nauyi da S wajen mariƙi a wasu raketocinsa, saboda haka ba a ɗaukar lambar wani kamfani a auna ta wani da ita.

Game da tsawo kuwa, dokar hukumar badminton ta duniya, BWF, ta kayyade cewa raket ba zai wuce milimita 680 a tsaye da 230 a faɗi ba, kuma yawancin na manya a yau suna kusa da milimita 675.

Raket mara nauyi ne ya fi kyau?

Ba a kowane hannu ba. Mara nauyi yana saurin juyawa, yana daɗin tare duka, kuma ba ya gajiyar da hannu da wuri, amma shi kansa ba ya ƙara wa bugu ƙarfi, sai mai shi ya biya da saurin lilo. Wanda bai da wannan sauri yakan koma yana fizgar hannu da ƙarfin tsiya domin shatul ya kai ƙarshen fili, daga nan ciwon gwiwar hannu ke somawa. Ga yawancin manya, maza da mata, 4U ne wurin da ya fi dacewa a fara. Mai ƙarfin damtse da ke wasan ɗai-ɗai yana iya jin daɗin 3U, yayin da 5U ya fi dacewa da matasa, da masu ƙaramin jiki, da wanda ke farfaɗowa daga ciwon kafaɗa. Kada dai a yanke hukunci da sikeli kaɗai, domin inda nauyin ya taru ya fi yawansa tasiri, kamar yadda amsa ta gaba ta nuna.

Me ake nufi da raket mai nauyin kai, kuma yaya zan auna shi da kaina?

Raketoci biyu suna iya zama giram 83 kowannensu, amma ɗaya ya ji kamar yana jan hannu ƙasa, ɗayan kuma kamar babu komai a ciki. Bambancin yana wurin da rinjayen yake. Domin aunawa, sai a kwantar da sandar a kan yatsa ɗaya, a riƙa matsar da ita har raket ya tsaya bai faɗi ta kai ko ta mariƙi ba, sannan a auna da rula daga gindin mariƙi zuwa wurin yatsan. Idan awon ya faɗa tsakanin milimita 285 da 295, ana ɗaukarsa matsakaici. Abin da ya haura haka mai nauyin kai ne, abin da ya gaza kuma mai sauƙin kai. A tuna cewa naɗi mai kauri a mariƙi yana jawo wannan awo baya ba tare da ya rage nauyin da ke kan ba, don haka a auna raketocin da ake kwatantawa a yanayi ɗaya.

Mai nauyin kai yana taimaka wa simash, wato dukan shatul ƙasa da ƙarfi, da dogon bugu, domin da zarar kan ya ɗauki gudu sai ya bi shatul da nauyinsa. Farashinsa shi ne jinkiri wajen tare duka da musayar bugu cikin sauri a gaban raga. Mai sauƙin kai akasin haka yake. Amma kada a ɗauka cewa ƙarfin duka yana wurin nauyin kai kaɗai: a shekarar 2023 ɗan wasan Indiya Satwiksairaj Rankireddy ya kafa tarihin simash mafi gudu, kilomita 565 a awa, a wani gwaji da aka yi a Japan, kuma da Nanoflare 1000Z ya buga shi, wanda yake cikin dangin masu sauƙin kai.

Taurin sanda fa, wane tasiri yake da shi?

Wannan shi ne abin da masu saye suka fi rainawa, alhali shi ya fi saurin nuna ko raket ya dace da mutum. A lokacin bugu sandar takan lanƙwashe baya sannan ta dawo ta watsa kan gaba, kamar yadda tsumagiya ke yi. Idan dawowar ta yi daidai da lokacin da zare ya taɓa shatul, sai bugu ya fita da ƙarfi ba tare da wahala ba. Mai lilo a hankali ba ya iya lanƙwasa sanda mai tauri, don haka ba ya samun wannan taimako ko kaɗan. Mai saurin lilo kuma, idan aka ba shi sanda mai laushi, sai kan ya makara a baya, bugunsa ya riƙa kauce wa inda ya nufa.

Kamfanoni sukan kasa sanda gida huɗu: mai laushi, matsakaiciya, mai tauri da mai tauri ƙwarai. Wanda har yanzu bai iya aika shatul daga ƙarshen fili zuwa ɗaya ƙarshen cikin sauƙi ba, bai kai ga biyun ƙarshe ba tukuna, komai kuɗinsa.

Akwai bambanci tsakanin raket ɗin wasan ɗai-ɗai da na bibbiyu?

Akwai, ko da yake ba doka ba ce. A wasan ɗai-ɗai ana yawan dogon bugu kuma akwai ɗan lokaci tsakanin bugu da bugu, shi ya sa 3U ko mai ɗan nauyin kai yake karɓuwa. A wasan bibbiyu shatul yana dawowa cikin ƙiftawar ido, musamman ga wanda ke tsaron gaba, don haka 4U matsakaici ko mai sauƙin kai ya fi yawa a hannun mutane. Tun da a yawancin kulob fili ya yi kaɗan kuma bibbiyu aka fi bugawa, ya kamata mai saye ya duba wasan da yake yi a zahiri kowane mako, ba wanda yake kallo a talabijin ba.

Yaya zan san kaurin mariƙin da ya dace da hannuna?

A riƙe raket riƙon gaisuwa, ba tare da matsewa ba. Ya kamata a ga ɗan fili tsakanin kan yatsu da tudun babban yatsa, kuma mutum ya iya juya mariƙin da yatsunsa daga riƙon gaba zuwa na bayan hannu ba tare da ɗayan hannun ya taimaka ba. Idan ana shakka tsakanin biyu, a ɗauki siririn, domin ana iya ƙara masa kauri da naɗi, amma mai kauri ba shi da magani sai dai a cire naɗinsa na asali. Mariƙin da ya yi kauri da yawa yana kashe aikin yatsu, ya sa mutum ya riƙa damƙe raket, wanda hakan kan kai ga ciwon da aka yi bayani a amsar da ke kan ciwon hannu. Mai yawan gumi yana iya gwada naɗin tawul, amma yana buƙatar sauyawa akai-akai.

Wane zare zan sa, kuma laba nawa za a ɗaure shi?

Ƙarfin ɗaurin zare da laba ake auna shi, kuma kowane raket yana da iyakar da kamfani ya rubuta a jikinsa. Mai koyo yakan zauna lafiya tsakanin laba 18 da 22, mai matsakaicin ƙwarewa tsakanin 22 da 26, ƙwararrun 'yan gasa kuma sukan kai 28 zuwa 30 ko sama da haka. Mutane da yawa suna zaton ɗauri mai ƙarfi shi ne ƙarfin duka, amma ga hannun da bai ƙware ba abin juye yake. Zare mai ɗan sassauci yana lotsawa ya cilla shatul, kuma wurin da bugu ke daɗi a tsakiyarsa yana da faɗi. Idan aka ɗame shi sosai sai wannan wuri ya tsuke, mai daidaitaccen hannu ya samu iko a kan inda shatul zai sauka, wanda ke kuskure kuma ya ji girgizar a gwiwar hannunsa.

Kaurin zaren ma yana da nasa tasiri. BG65 na Yonex, mai kaurin milimita 0.70, an san shi da juriya, BG80 yana da 0.68, BG66 Ultimax kuma 0.65, wanda yake da ƙara mai daɗi da saurin cilla shatul amma yake saurin tsinkewa. Wanda yake zaune a garin da mai ɗaura zare da na'ura yake da nisa, ya kamata ya lissafa wannan tun kafin ya zaɓi siririn zare. Duk ranar da zare ya tsinke, a yanke sauran nan take da almakashi, domin jan da ya rage a gefe ɗaya yana iya karkatar da kan raket ko ya tsaga shi.

Idan raket ya zo da zarensa daga kamfani, sai na sauya?

Ga mai koyo babu gaggawa, yana iya wasa da shi har ya tsinke ko ya saki. Amma zaren kamfani yawanci mai kauri ne, an ɗaure shi da sassauci, kuma wataƙila ya yi watanni a shago yana ƙara saki. Saboda haka ba a yi wa raket hukunci da shi. Raketoci masu tsada galibi babu zare suke zuwa, don haka a haɗa kuɗin zare da na ɗauri cikin lissafi.

Wane kamfani ne ya fi: Yonex, Victor ko Li-Ning?

Dukkan ukun suna ƙera raketocin da zakarun duniya ke riƙewa, don haka sunan kamfani ba ya raba gardama. Abin da ya fi amfani shi ne sanin dangin raketocin kowanne. A wurin Yonex na Japan, Astrox masu nauyin kai ne, Nanoflare masu sauƙin kai, Arcsaber kuma matsakaita. A wurin Victor na Taiwan, Thruster na ƙarfi ne, Auraspeed na sauri, DriveX kuma na tsaka-tsaki. Li-Ning na Sin yana da Axforce domin ƙarfi, Bladex domin sauri da Halbertec domin sarrafa shatul. Akwai kuma kamfanoni irin su Apacs na Maleshiya da ke sayar da raket na girafait a farashi mai sauƙi.

Yonex yakan fitar da samfuri ɗaya a matakai huɗu, wato Pro, Tour, Game da Play, masu kama da juna a fenti amma da bambancin kayan ƙira da farashi. Pro shi ne na sama kuma a Japan ake yin sa, Play shi ne na ƙasa, kuma sau da yawa na ƙasan sun fi sauƙin sarrafawa ga mai koyo. A karanta sunan har ƙarshensa kafin a biya, kada a sayi Play da kuɗin Tour.

Ina son irin raket ɗin gwanin da nake kallo. Akwai laifi?

Babu laifi a sha'awa, amma a san abin da ake saye. Astrox 100ZZ, wanda Viktor Axelsen na Denmak ya shahara da shi, mai nauyin kai ne kuma sandarsa na cikin mafiya tauri. Axelsen, wanda ya ci zinare a gasar Olamfik ta Tokyo da ta Paris, ya kai wannan matsayi ne da atisaye kusan kullum ƙarƙashin kulawar masu horarwa da likitoci. Wanda yake buga sau biyu a mako bayan tashi daga aiki, idan ya ɗauki wannan raket ya kuma ɗaure shi yadda ƙwararru ke yi, abin da ya fi yiwuwa shi ne bugunsa ya gajarta. In dai sha'awar ta yi yawa, a nemi mataki na ƙasa na samfurin, kamar yadda aka bayyana a amsar da ta gabata.

A shago babu fili. Me zan iya dubawa a can?

Da farko a duba lafiyar raket ɗin. A ɗaga shi daidai ido a hango daga gindin mariƙi zuwa kai, a tabbata sanda a miƙe take kuma kan bai murɗe ba. A riƙe mariƙi da hannu ɗaya, kan da ɗaya, a ɗan murɗa a hankali: idan aka ji ƙara ko motsi a inda sanda ta shiga mariƙi, a ajiye shi. A girgiza shi kusa da kunne ko wani abu na kaɗawa a ciki. A bi 'yan robobin da ke cikin ramukan zare ɗaya bayan ɗaya, domin wanda ya fashe ko ya ɓace zai riƙa yanke zare.

Daga nan sai lilo. Kusan kowa simash yake fara kwaikwaya a shago, alhali kowane raket yana da daɗi a duka ɗaya cikin iska. Gara a yi gajeren bugu na gaba da na bayan hannu a jere cikin sauri, kamar ana tare duka, har sau ashirin ko talatin, a lura da lokacin da wuyan hannu ya fara nauyi. Idan da hali a je da tsohon raket domin a riƙa sauyawa, saboda hannu ya fi gane bambanci idan yana da abin kwatance. Ledar da ke naɗe a sabon mariƙi tana da santsi kuma tana ɓata riƙo, sai a yi la'akari da hakan.

A ina zan samu raket in gwada a fili, tun da shago ba ya bayarwa?

A ƙasashen da wasan ya yi ƙarfi, irin su Maleshiya, Indunusiya da Denmak, wasu shaguna suna ajiye raketocin gwaji. A garuruwanmu abin da ya fi samuwa shi ne aro a kulob. Jakunkunan abokan wasa su ne shagon gwaji mafi kyau, kuma koci yakan san wanda yake da samfurin da ake nema ko mai kama da shi. Ba lallai sai an samu samfurin daidai ba. Idan mutum ya gwada 4U mai nauyin kai da 4U mai sauƙin kai, da mai tauri da mai laushi, ya riga ya san dangin da zai nema. Ladabin aro shi ne a tambayi mai shi zaren da ke kai da ƙarfin ɗaurinsa, a guji wasan bibbiyu da shi inda raket ke karo da raket, kuma idan zare ya tsinke a hannun mai aro, shi ne da biya.

Idan na samu na shiga fili da shi, wane irin bugu zan gwada?

A fara ɗumama jiki da tsohon raket, domin kada a ɗora wa sabo laifin sanyin jiki. Gwaji na farko shi ne dogon bugu sama daga layin baya zuwa layin baya, tazarar mita 13.4, ba tare da an zuba dukkan ƙarfi ba. Idan shatul yana isa cikin sauƙi, sanda da zare sun dace da lilon mutum. Idan kuwa sai an yi nishi kafin ya wuce tsakiyar ɓangaren abokin wasa, to sandar ta yi tauri ko ɗaurin ya yi yawa. A roƙi abokin ya riƙa faɗin inda shatul ke sauka, domin mai bugu yakan ga bugunsa ya fi yadda yake tsawo. Sai a maimaita da bayan hannu, wanda shi ne ke tona asirin raket ɗin da ya fi ƙarfin mai shi.

Na biyu shi ne sauri. A tsaya tsakiyar fili a yi musayar bugu a miƙe, daidai saman raga, sannan abokin ya riƙa simash ana tarewa, dama da hagu da kuma saitin ƙirji. A nan nauyin kai yake bayyana: idan kullum kan raket yana isowa bayan shatul ya wuce, ko shatul yana dukan bakin firam, wato da'irar da aka ɗaura zare a jikinta, to ya yi wa hannun nauyi. Bayan haka a matso raga a gwada ɗan taɓi mai sauƙi, a ga ko yatsu suna jin shatul ko kuwa yana tsalle sama fiye da yadda aka nufa.

Simash shi ne na ƙarshe, kuma a yi goma a jere, a sa ido a kan na takwas da na tara. Na farko kowa yana iya yin sa da kyau. Abin tambaya shi ne ko har yanzu shatul yana sauka ƙasa da kaifi bayan hannu ya soma gajiya, ko ya fara tafiya a kwance. A kuma lura da bugun da bai samu tsakiyar zare ba, domin a wasa na gaske irinsa ne da yawa: raket ɗin da ya dace yakan tsallakar da shi raga duk da haka, wanda bai dace ba kuwa sai ya yi wata busasshiyar ƙara, shatul ya faɗi a gaban mai bugu. Daga ƙarshe a buga wasa cikakke, a ga yadda hannu yake a zagaye na uku.

Gwaji ɗaya ya isa?

Da wuya ya isa. Ranar farko sabon abu yakan zo da zumuɗi, mutum ya ƙara mai da hankali, sai ya ɗauka raket ne ya gyara masa wasa. Wani kuma akasin haka, lokacin bugunsa ne bai saba ba, sai ya tsani raket ɗin da zai dace da shi nan gaba. Zama biyu ko uku a ranaku daban-daban sun fi ba da amsa. Haka kuma kwatance ba ya yin adalci sai zare da ɗauri sun yi kusa da juna, domin raket mai sabon siririn zare zai doke wanda zarensa ya shekara ko da na biyun ya fi shi kyau. A kuma yi amfani da shatul iri ɗaya, kamar yadda za a yi bayani a amsar da ke kan yanayi a gaba.

Bayan gwaji na ji ciwo a gwiwar hannu. Zan saba ne?

Gajiyar tsoka da ke wucewa bayan kwana ɗaya ko biyu ba abin damuwa ba ce. Amma ciwo mai tsini a bayan gwiwar hannu, ko a wuyan hannu, ko a cikin kafaɗa lokacin ɗaga hannu, alama ce da ba a jira a saba da ita. Abubuwan da aka fi zargi su ne sanda mai tauri, ɗauri mai yawa, nauyin kai, da mariƙin da bai dace ba. Kafin a yanke ƙauna daga raket ɗin a rage ɗaurin da laba biyu, a gyara kaurin mariƙi, a kuma sa koci ya duba riƙo da lilo. Idan ciwon ya ci gaba, a huta a ga likita.

Yaya zan gane jabu?

Alama ta farko ita ce farashi. Idan aka kawo raket ɗin da ke saman jeri a kashi ɗaya cikin huɗu na kuɗinsa, sabo a leda, to ba garaɓasa ba ce. Raket ɗin Yonex na asali yana da lambobi a jikinsa, waɗanda a ƙirar shekarun baya suke a wuri biyu, a jikin sanda da kuma a murfin saman mariƙi, kuma sassaƙa su aka yi, farce yana jin su, ba fenti aka shafa ba. A raket ɗin da ke da lambar murfi, haruffan da ke ƙarshenta suna nuna kasuwar da aka yi shi dominta, misali JP na kasuwar Japan. A duba tambarin da ke gindin mariƙi da tsabtar rubutun jiki, a kwatanta da hoton da ke shafin kamfanin. A ɗora shi a sikeli, domin jabu yakan saɓa wa nauyin da aka rubuta masa.

Masu ɗaura zare sun fi kowa ganin jabu, tun da a kan na'urarsu yake fashewa, don haka ra'ayinsu yana da daraja. Idan ta intanet za a saya, a nemi hoton lambobin na ainihin raket ɗin da za a aiko, a kuma karɓi rasit.

Raket na hannu fa, yana da amfani?

Yana da amfani sosai, musamman da yake ana iya gwada shi a fili kafin a biya, abin da sabo ba ya bayarwa. Abin tsoro shi ne tsaga. Ɓarewar fenti kaɗai ba matsala ba ce, amma siririn layi da ya ratsa firam, wanda farce ke maƙalewa a ciki, yana nufin kwanan raket ɗin ya kusa ƙarewa. Idan aka ɗauki kan a matsayin fuskar agogo, a fi duba wajen ƙarfe 10 da ƙarfe 2, inda karo ya fi faruwa, sannan a duba ko zare ya nutse cikin firam a bakin ramuka. A kwance naɗin mariƙi a ga katakon da ke ciki, ko gumi ya ci shi ko ya tsage. Wanda aka kawo babu zare, a yi sharaɗin cewa ciniki bai faɗa ba sai an ɗaura masa ya jure.

Zafi, hunturu da irin shatul suna shafar gwaji?

Suna shafa ƙwarai. A iska mai zafi shatul ya fi nisan tafiya, haka ma a wuri mai tudu kamar Jos, shi ya sa ake sayar da shatul na gashi da lambobin gudu irin su 75, 76 da 77, ƙaramar lamba domin wuri mai zafi ko tudu. Wanda ya gwada raket ɗaya da tsakar rana da shatul mai gudu, ya gwada ɗayan da sanyin safiya da wani iri, bai kwatanta komai ba. A lokacin hunturu gashin shatul yakan bushe ya riƙa karyewa da wuri, don haka a riƙa sauya shi yayin gwaji. Shatul na roba ya fi na gashi tauri a kan zare, kuma masu wasa da shi sukan rage ɗauri da laba ɗaya ko biyu. Masu buga wasa a waje su jira lokacin da iska ta kwanta. Bayan saye kuma, kada a bar raket a but ɗin mota cikin rana, domin zafin yana sakin zare.

Yaro zan saya wa. Na manya zai yi masa?

Ƙaramin yaro yana buƙatar gajeren raket, kuma ana samun masu tsawon inci 21, 23 da 25. Idan ya riƙe shi ya saki hannunsa ƙasa, bai kamata kan ya riƙa jan ƙasa ba. Wanda ya kai girman riƙe na manya, a nema masa 5U ko 4U mai laushin sanda da siririn mariƙi.

Ɗaya zan saya ko biyu, kuma akwai garanti?

Mai wasan motsa jiki ɗaya ya ishe shi, ya ajiye tsohon domin ranar da zare ya tsinke. Mai shiga gasa yana buƙatar biyu iri ɗaya, masu zare da ɗauri da naɗi iri ɗaya, domin kada hannunsa ya shiga sabon koyo a tsakiyar wasa. Amma kada a sayi biyun rana ɗaya. A yi wata guda da na farko, in ya zauna a hannu sai a nemo ɗan'uwansa, a kuma auna nauyi da rinjayensa, tun da ko samfuri ɗaya ne ana samun bambancin 'yan giram a cikin aji guda.

Garanti kuwa, inda ake bayar da shi, yana rufe aibin ƙira ne kawai. Ba ya rufe karyewar da karo da wani raket ko dukan ƙasa ya jawo, kuma yakan faɗi idan aka ɗaure zare fiye da iyakar da ke rubuce a jiki. A tambayi mai shago tun kafin biya ko shi ne zai karɓi raket ɗin idan matsala ta taso, da tsawon lokacin da aka ba da, a kuma sa ya rubuta lambar raket ɗin a kan rasit.